Jiki Magayi: Darasi a Kan Kula da Lafiyar Ƙafa

Gabatarwa

A ƙarshen daminar bara na kai ziyara Mashi, garin nan da ke kan hanyar Katsina zuwa Daura, domin in gaida wani kawuna, manomi, wanda shekarunsa suka haura sittin. Muna zaune a zaure bayan sallar La'asar, sai wani ƙaramin jikansa ya nuna buzun da tsohon ya ɗora ƙafa a kai, ya ce, "Kaka, ga jini!" Da muka duba sai muka tarar da rami a tafin ƙafarsa ta dama, kusa da gindin babban yatsa. Muka juya takalminsa, sai ga ƙusa ta huda shi ta ƙasa, tsininta ya ɓullo ta ciki. Da wannan takalmi ya je gona da safe, da shi ya dawo, da shi kuma ya je masallaci.

Na ce masa, "Kawu, yanzu duk yinin nan ba ka ji zafi ba?" Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ai ƙafar manomi ta wuce jin ƙaya." Shi a ganinsa wannan alamar ƙarfi ce. Ni kuwa gabana ne ya faɗi, domin na san abin da irin wannan rashin ji yake nufi. Washegari muka kai shi asibiti, aka gwada jininsa, aka sami sukari ya yi yawa ƙwarai, alhali bai taɓa sanin yana da wannan ciwo ba. Sai da mikin ya shafe kusan wata uku kafin ya rufe. Allah Ya sa an tari abin da wuri, ƙafarsa tana nan.

Hausawa suna cewa jiki magayi. Gaskiya ne, amma akwai lokacin da jiki yake daina faɗa, kuma ƙafa ce gaɓar da ta fi saurin yin shiru. Manufar wannan darasi ita ce mu fahimci yadda Allah Ya tsara ƙafa, mu san abubuwan da ke cutar da ita a yanayi irin na ƙasarmu, sa'annan mu koyi duba ta da ido a kullum, ba tare da mun jira ta yi mana ciwo ba.

Yadda ƙafa take

Kowace ƙafa, daga idon sawu zuwa kan yatsu, tana da ƙasusuwa 26. Bakwai suna wajen dunduniya da idon sawu, biyar dogaye suna tsakiya, goma sha huɗu kuma suna cikin yatsu. Idan aka haɗa ƙafa biyu ƙasusuwa 52 ke nan, wato kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi. Waɗannan ƙasusuwa suna haɗuwa a gaɓoɓi 33, kuma an jera su ne a lanƙwashe kamar bakan gizon ɗakin soro. Wannan lanƙwasa ita ce ke sa tsakiyar tafin ƙafa ba ya taɓa ƙasa sosai. Duk lokacin da mutum ya taka, bakan yakan ɗan miƙe ya shanye nauyi, idan ya ɗaga kuma ya koma yadda yake. Saboda haka nauyin jiki yakan taru ne a wuri biyu, wato dunduniya da gindin yatsu, kuma a nan ne aka fi samun kanta da miki.

Kalmar jijiya a Hausa tana ɗauke da ma'ana uku, ya kamata mu rarrabe su tun yanzu. Akwai jijiyar jini, wadda jini ke gudana a cikinta. Akwai jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, kamar agara da ke bayan dunduniya. Akwai kuma jijiyar saƙo, wadda ke kai labarin zafi da sanyi da taɓawa zuwa ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin saƙon da ke zuwa yatsun ƙafa su ne mafi tsawo a jikin mutum, domin daga ƙasan gadon baya suke tasowa. Haka nan kuma ƙafa ita ce ta fi kowace gaɓa nisa da zuciya. Wannan nisa shi ne dalilin da ya sa duk cutar da ke lalata jijiyoyin saƙo ko ta toshe jijiyoyin jini takan fara bayyana a ƙafa.

Fatar tafin ƙafa ma ta bambanta da ta sauran jiki. Ita ce mafi kauri, ba ta da gashi, tana da maɓuɓɓugan gumi masu yawan gaske, amma ba ta da maɓuɓɓugar maiƙo ko ɗaya. Fatar fuska takan samar wa kanta maiƙon da ke hana ta bushewa, ita kuwa fatar tafin ƙafa da gumi kaɗai ta dogara. Mai karatu ya riƙe wannan batu, domin shi ne tushen matsalar kaushi da faso.

Hunturu da bazara

Mashi tana can arewacin Jihar Katsina, ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar. Ƙasa ce ta jigawa, ruwan sama gajere ne, rani kuma dogo. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan kaɗo daga hamada, busasshiya, ta tsotse danshin fata. Fatar dunduniya, wadda dama tafiya ta riga ta kaurara ta, sai ta bushe ta yi tauri, wannan shi ne kaushi. Fata mai laushi takan buɗe idan an taka ta sake komawa, amma busasshiya ba ta iyawa, sai dai ta tsage kamar ƙasar fadama idan ruwa ya janye. Wannan tsagewa ita ce faso. Idan faso ya tsaya a saman fata muni ne kawai, amma idan ya nutsa har ya kai ga nama mai jini, to ya zama ƙofa, ƙwayoyin cuta sun sami mashiga.

Maganin kaushi ba shi da tsada. A jiƙa ƙafa a ruwa mai ɗan ɗumi na ɗan lokaci, a goge da dutsen kaushi a hankali, a tsane, sa'annan a shafa man kaɗe ko basilin tun fatar tana da sauran danshi. Aikin man shi ne ya rufe fatar ya hana ruwan da ke cikinta fita, shi ya sa shafa shi bayan wanka ya fi amfani a kan shafa shi a busasshiyar ƙafa. Wanda ya kwana da safa bayan ya shafa mai zai ga bambanci cikin 'yan kwanaki. Abin da ba a so shi ne fere kaushi da reza. Reza ba ta san iyakar mataccen fata da mai rai ba, kuma sau da yawa daga nan gyambo ke somawa.

Hunturu yana da wani haɗarin, wato jin ɗumi. Tsofaffi sukan miƙa ƙafa kusa da kaskon garwashi har barci ya ɗauke su. Mai lafiyar jijiya zafi zai tashe shi ya janye ƙafa. Wanda jinsa ya ragu kuwa sai dai ya farka ya ga bororo. Idan bazara ta shigo, a watan Afrilu da Mayu, zafin iska yakan haura digiri 40, rairayi da daɓen siminti kuma sukan fi haka zafi nesa ba kusa ba. Taka su da tsakar rana ba takalmi, ko da daga ƙofar masallaci zuwa inda aka ajiye takalma ne, yana iya ƙona ƙafar da ba ta ji.

Damina da kaka

Da ruwa ya sauka sai matsalar ta juya, daga bushewa ta koma jiƙa. Ƙafar da ta yini cikin danshi, musamman tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi, fatarta takan yi fari ta yi laushi, ta riƙa ƙaiƙayi tana saɓulewa. Wannan shi ne abin da ake kira cin-ruwa. Ruwa shi kaɗai ba ya cin fata, wasu ƙananan halittu ne dangin fumfuna suke samun wurin zama a inda akwai ɗumi da danshi, suna cin saman fatar. Ana ɗaukarsu a daɓen banɗaki, ko ta hanyar aron takalmi da safa. Akwai man shafawa na kashe su a kantin magani, irin su kulotirimazol, amma sai an ci gaba da shafawa na 'yan makonni ko da ƙaiƙayin ya lafa, sa'annan a riƙa tsane tsakanin yatsu.

Abu na biyu shi ne tsutsar ciki mai ƙugiya. Mutane da yawa suna zaton duk tsutsar ciki ta baki take shiga, amma wannan ta fata take bi. Wanda ke ɗauke da ita idan ya yi bahaya a fili, ƙwayayenta sukan ƙyanƙyashe a ƙasa mai danshi. 'Ya'yan, waɗanda ido ba ya gani, sai su huda fatar duk wanda ya taka wurin ba takalmi, su bi jini zuwa huhu, su hau maƙogwaro a haɗiye su, su sauka cikin hanji su maƙale suna shan jini. Abin da tsutsa ɗaya ke sha a rana ɗan kaɗan ne, amma idan suka kai ɗaruruwa kuma suka daɗe, sai yaro ko mace mai ciki su kamu da ƙarancin jini, ga kasala, ga rashin kuzarin karatu. Ƙwayar albendazol tana kashe su, amma takalmi da masai su ne ke hana su dawowa.

Abu na uku shi ne ƙaya da ƙusa da sartse. Manomin yankinmu ya saba da ƙarangiya da tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa, har ba ya ɗaukar sukarsu a bakin komai. Sai dai rami mai zurfi da ƙaramin baki shi ne irin wurin da ƙwayar cutar sarƙe-haƙora, wato tetanas, take so, domin ba ta rayuwa inda iska ke shiga. Irin wannan ƙwaya yana zaune shekara da shekaru a cikin ƙasa, musamman wadda aka zuba wa takin dabbobi. Alamun cutar sukan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21 bayan rauni: muƙamuƙi ya ƙi buɗuwa, wuya da baya su sandare. Cuta ce mai kisa, amma allurar rigakafinta tana nan a asibitoci. Toshe rauni da ƙasa ko toka ko kashin shanu kuwa tamkar shuka cutar ne da hannu.

Akwai kuma wata cuta da ƙaya ke shigarwa wadda ba a faye saninta ba, sunanta maisitoma. An fara bayyana ta a rubuce a yankin Madurai na ƙasar Indiya a ƙarni na 19, shi ya sa likitoci suke kiranta ƙafar Madura. Ta fi yawa a busassun ƙasashe masu itatuwan ƙaya, tun daga Senegal da Mali da Nijar har zuwa Cadi da Sudan. A birnin Khartoum an kafa cibiya ta musamman domin bincikenta a 1991, kuma a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su. Takan soma ne da ɗan kumburi marar ciwo a ƙafa, ya yi ta girma a hankali cikin watanni ko shekaru, daga baya ya ɓula ƙofofi masu fitar da ruwa da wasu 'yan ƙwayoyi kamar tsaba, baƙaƙe ko farare ko jajaye. Saboda ba ta ciwo da farko, masu ita ba sa zuwa asibiti sai ta ci ƙashi. Duk kumburin ƙafa da ya daɗe bai saɓe ba, ko ba ya ciwo, a kai shi likita ya gani.

Na ƙarshe a wannan sashe shi ne maciji. Lokacin noma da girbi ne aka fi samun sara, kuma mafi yawansa a ƙafa ne ko ƙwauri. Kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa, ita ce ta fi kowane maciji kashe mutane a ƙasashen savana na Afirka ta Yamma, dafinta yana hana jini daskarewa. Asibitin Kaltungo da ke Jihar Gombe ya yi suna wajen jinyar waɗanda ta sara. Dogon takalmin roba a gona da tocila da dare suna rage wannan haɗari ƙwarai. Idan kuwa tsautsayi ya auku, kada a ɗaure ƙafar tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa. A kwantar da mutum, a hana ƙafar motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar kashe dafi.

Amfanin jin ciwo

Duk abubuwan da muka lissafa suna iya samun kowa. Abin da ke bambanta wanda zai warke cikin mako guda da wanda zai rasa ƙafa, sau da yawa, shi ne jin ciwo. Cutar kuturta ce ta koya wa masana wannan darasi. Dattawan Katsina sun san Babbar Ruga, inda tun zamanin Turawa ake jinyar kutare, kafin daga baya wurin ya shahara da aikin yoyon fitsari. A wancan zamani, a nan da ko'ina a duniya, an ɗauka cewa kuturta ce da kanta take cinye yatsu.

Wani likitan fiɗa ɗan Ingila mai suna Paul Brand, wanda ya fara aiki a asibitin Vellore da ke kudancin Indiya a 1946, shi ne ya nuna cewa ba haka abin yake ba. Ya lura da majinyatansa a hankali, ya gano cewa ƙwayar kuturta jijiyoyin saƙo take lalatawa. Da zarar ji ya tafi, sai mutum ya riƙa ƙonewa, yana sukuwa, yana taka miki, bai sani ba. Mai lafiya idan bororo ya fito masa yakan ɗingisa, ɗingishin nan kuwa hutu ne ga wurin da ya ji rauni. Wanda ba ya ji ba ya ɗingishi, sai ya ci gaba da taka wuri ɗaya sau dubbai a rana, har miki ya nutsa ya kai ƙashi, ƙashin ya rube ya gajarce. Da Brand ya sa aka riƙa yi musu takalma masu taushin ciki, aka kuma koya musu duba hannu da ƙafa kowace rana, sai asarar yatsu ta ragu. A 1966 ya koma asibitin Carville a Amurka, a can kuma aka ga cewa wannan ilmi ya dace da masu ciwon sukari.

A yau kuturta tana warkewa da haɗin magunguna waɗanda ake bayarwa kyauta a duniya tun 1995. Amma ƙafar da ba ta ji ba ta ƙare ba, ta sami sabon sanadi ne.

Ciwon sukari da ƙafa

Ƙungiyar Masu Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 baligai miliyan 24 ne ke da wannan ciwo a ƙasashen Afirka da ke kudu da hamadar Sahara, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba. Kawuna yana cikin irin waɗannan. Ciwon ba na masu kuɗin birni ne kaɗai ba kamar yadda ake zato a da.

Idan sukari ya daɗe da yawa a cikin jini yakan yi wa ƙafa ɓarna ta hanya uku. Da farko yana lalata jijiyoyin saƙo, yana farawa da mafi tsawo. Mutum sai ya riƙa jin ƙafarsa tana zugi ko tana yi masa kamar tafiyar kiyashi, musamman da dare, ko ya ji kamar yana taka auduga, daga baya jin ya ɗauke. Jijiyoyin da ke sa gumi ma sukan mutu, sai fatar ta ƙara bushewa, faso ya yawaita. Na biyu, yana ƙuntata jijiyoyin jini, sai abinci da iskar da miki ke buƙata domin ya warke su kasa isowa. Shan taba yana ƙara tsananta wannan. Na uku, yana raunana fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun jiki. Idan waɗannan uku suka haɗu, sai a sami rauni da ba a ji ba, wanda ba ya warkewa, kuma ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa a cikinsa ba mai tare su.

Masana sun ƙiyasta cewa tsakanin kashi 19 zuwa 34 cikin ɗari na masu ciwon sukari za su sami gyambon ƙafa a tsawon rayuwarsu, kuma mafi yawan yanke ƙafar da ake yi musu da irin wannan gyambo yake farawa. A nan Nijeriya an gudanar da wani bincike daga 2016 zuwa 2017 a manyan asibitoci shida, har da na koyarwa da ke Kano da Zariya, a kan majinyata 336 da aka kwantar saboda gyambon ƙafa na ciwon sukari. Fiye da kashi ɗaya bisa uku an yanke musu wani sashe na ƙafa, kimanin ɗaya cikin biyar kuma sun rasu. Babban abin da ke kawo irin wannan sakamako shi ne jinkiri. Ana fara jinya a gida, a shafa wannan a ɗaura wancan, sai ƙafa ta yi baƙi ta fara wari sa'annan a nemi mota. Ga manomi ko ɗan kasuwar ƙauye, rasa ƙafa rasa sana'a ne, kuma iyali gaba ɗaya ne ke ɗaukar nauyin.

Gwajin da za a iya yi a gida

A asibiti ana gwada jin ƙafa da wani siririn zaren roba wanda yake lanƙwashewa idan an danna shi da nauyin giram 10. Amma likitocin asibitin Ipswich a Ingila sun fito da wata hanya a 2011 wadda ba ta buƙatar kayan aiki. Wanda za a gwada ya cire takalmi ya kwanta ya rufe ido. Wani daga cikin iyalinsa ya sa kan yatsansa manuni ya taɓa kan babban yatsan ƙafa, da na tsakiya, da ƙaramin, a kowace ƙafa, taɓawa mai sauƙi ta daƙiƙa ɗaya ko biyu, ba dannawa, ba shafawa. Duk lokacin da ya ji sai ya ce ya ji. Yatsu shida ke nan. Idan ya kasa jin biyu ko fiye, to jinsa ya ragu, sai a je asibiti a gwada sukari a kuma duba ƙafar. Duk wanda ya haura shekara arba'in, ko yake yawan fitsari da ƙishirwa da rama, ko akwai mai ciwon sukari a danginsa, ya dace ya yi gwajin jini ko da ƙafarsa tana ji.

Kulawar yau da kullum

Musulmi yana wanke ƙafarsa har zuwa idon sawu sau da dama a yini, kuma malamai suna koyar da kula da dunduniya da tsettsefe yatsu a alwala. Wannan babbar dama ce wadda al'ummomi da yawa ba su da ita. Abin da ya rage shi ne hannu yana wankewa ido yana dubawa. Ga matakan da ya kamata a kiyaye:

1. A duba ƙafa sau ɗaya a rana a wuri mai haske: sama, da tafi, da dunduniya, da tsakanin yatsu. Ana neman tsaga, ko bororo, ko ja, ko kumburi, ko canjin launi. Wanda ba ya iya sunkuyawa ko idonsa ya raunana ya sa madubi, ko ɗa ko jika ya duba masa. Matan da ke ƙunshi su duba da kyau kafin su sa lalle, domin launinsa yana ɓoye ja da baƙi.

2. A tsane ƙafa bayan wanka da alwala, musamman tsakanin yatsu, kafin a sa safa ko rufaffen takalmi.

3. A shafa mai a dunduniya da tafi, amma ban da tsakanin yatsu, domin can danshi ya riga ya isa.

4. A yanke farce, wanda wasu ke kira akaifa ko ƙumba, a miƙe, kada a bi kusurwa a ƙwaƙule, domin hakan ke sa farce ya tsiro cikin nama. Farcen ƙafa ba ya saurin tsiro, idan ya fita yakan ɗauki shekara guda ko fiye kafin ya dawo. Wanda ke zuwa wurin masu yankan farce ya tafi da kayansa, domin ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a kan ƙarfe na aƙalla kwana bakwai. Mai ciwon sukari kada ya bari a sa masa aska ko reza a ƙafa.

5. A zazzage takalmi a kuma shafa cikinsa da hannu kafin a sa. Tsakuwa, ko ƙusa, ko kunama, duk hannu zai riga ƙafa sani.

6. A sayi takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a gwada ƙafa biyu a tsaye, a bar sarari kamar faɗin yatsa a gaba. Sabon takalmi a fara sa shi na ɗan lokaci, a cire a duba ko ya bar ja. Silifa ta fi tafiya ba takalmi, amma ba ta tare ƙaya, kuma igiyarta tana cin tsakanin yatsu. Mai ciwon sukari ya fi dacewa da takalmi mai faɗin gaba, mai taushin ciki, mai kaurin ƙasa, kuma kada ya taka ƙasa ba takalmi ko a tsakar gida.

7. A gwada zafin ruwan wanka da gwiwar hannu, a kuma nisanta ƙafa da garwashi da salansar babur.

8. Ƙaramin rauni a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe da tsumma mai tsabta ko bandeji, a rage taka shi.

Lokacin da ba a jira

Akwai alamun da idan an gan su ba a kwana. Su ne: ja ko kumburi da ke yaɗuwa daga bakin rauni, mugunya ko wari, zazzaɓi tare da miki, yatsa ya yi baƙi ko shuɗi, ƙafa ta yi sanyi ta ɗashe tana ciwo ko ana zaune, da kuma sukar ƙusa ko ƙaya mai zurfi ga wanda bai yi allurar tetanas ba. Ga mai ciwon sukari kuwa, duk wani rauni a ƙafa, komai ƙanƙantarsa, a nuna wa ma'aikacin lafiya cikin kwana ɗaya. Idan abin ya fi ƙarfin asibitin da ke kusa, za a tura shi manyan asibitocin Katsina ko Daura. Tsoron kada a yanke ƙafa shi ke hana mutane da yawa zuwa, alhali kuwa zuwa da wuri shi ne abin da ke hana yankewar.

Kammalawa

Waɗanda suka girma a karkara kafin shekarun 1990 suna tuna kurkunu, tsutsar da ake sha a ruwan tafki ta fito ta ƙafa bayan kimanin shekara guda, ta kwantar da manomi daidai lokacin noma. A 1988 an ƙirga fiye da mutum 650,000 masu ita a Nijeriya. Ba ta da allura, ba ta da ƙwayar magani. Da tace ruwan sha, da haƙa rijiyoyi, da hana mai ita shiga tafki aka yaƙe ta, har aka ga mutum na ƙarshe a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ƙasar ta rabu da ita. Ƙananan ɗabi'u ne da jama'a suka riƙe suka yi wannan aiki.

Gyambon ƙafa ma haka yake buƙata. Kawuna yanzu yana shan maganinsa, ya rage abin da likita ya ce ya rage, ya kuma sayi takalmin roba na gona. Jin ƙafarsa bai dawo ba, kuma da wuya ya dawo. Amma kullum bayan sallar La'asar jikan nan nasa yakan zo ya zauna gabansa a zaure, ya ɗaga ƙafar ya duba tafi da tsakanin yatsu, ya zazzage takalman kafin tsohon ya sa. Ina roƙon ɗalibai da sauran masu karatu, duk wanda ya je gida hutu, ya yi wa iyaye da kakanni gwajin yatsu shida da muka bayyana, ya kuma koya wa wani a gidan yadda ake duba musu ƙafa. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.